A Tambayi Ma'aikaci Kafin a Yanke Masa Hukunci

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, kowace shekara in lokacin rubuta kundin digiri ya zo, da yawa daga cikinmu kan zaɓi yin bincike a kan halayen ma'aikata da yadda suke ɗaukar aikinsu. Zaɓi ne mai kyau, amma yadda muke shirya binciken abin dubawa ne. Sai ka ga ɗalibi ya kwafo takardar tambayoyi da aka tsara domin wata masana'anta a Amurka, ya miƙa wa shugaban ofis ya raba wa na ƙasa da shi, bayan kwana biyu ya dawo ya kwashe. Wane akawu ne kuwa zai rubuta cewa ba ya jin daɗin aiki, alhali takardar za ta bi ta hannun wanda ke sa hannu a ƙarin girmansa?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ƙasar nan ta daɗe tana yi wa ma'aikaci magani. Hukumar Udoji ta ba da rahotonta a 1974, aka ƙara albashi. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. A 1984 aka kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a 2004 kuma aka kafa SERVICOM. Duk da haka kukan makara da jan ƙafa bai ƙare ba. A ganinmu, dalili ɗaya shi ne an fi yawan yanke wa ma'aikaci hukunci daga sama, ba a cika zama a saurare shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masana sun daɗe da gane haka. A binciken da aka yi a masana'antar Hawthorne kusa da Chicago daga 1924 zuwa 1932, darasin da ya fi shahara shi ne mutum kan sake hali in ya san ana kallonsa. Masu binciken sun tattauna da ma'aikata fiye da 20,000, suka kuma bar yi musu tsararrun tambayoyi, suka ƙyale su su faɗi abin da ke ransu. A nan Kano ma, Paul Lubeck ya zauna da leburorin masana'antu a farkon shekarun 1970, littafinsa na 1986 kuwa ya nuna tasirin karatun allo da almajirci a kan yadda suke kallon aiki da masu gida. Takardar da aka kwafo daga waje ba za ta taɓa tono wannan ba.

To, mu dubi Titin Zariya kaɗai. A Unguwa Uku akwai sakatariyar Ƙaramar Hukumar Tarauni, akwai kuma tashar mota. A Gyaɗi-Gyaɗi akwai kotuna, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da magatakardan kotu, da masinja, da ɗan kamasho da direba a tasha, duk ma'aikata ne, amma abin da ke faranta wa kowannensu rai ko ya ɓata masa daban ne. Wanda ya auna su da mudu ɗaya ya yi aikin banza.

Saboda haka muna kira ga kowane mai shirin bincike ya fara da zuwa wurin aikin, ya yi kwanaki yana kallo yana saurare kafin ya rubuta tambaya ko ɗaya, domin gani ya kori ji. Ya tsara tambayoyinsa da Hausar da masinja zai fahimta, ya gwada su a kan mutane kaɗan ya gyara. Ya nemi izinin hukuma, amma ya raba takardunsa da hannunsa, ya karɓa da hannunsa, ba tare da sunan kowa a kai ba. Kada ya tsaya ga manyan ma'aikata don sun fi sauƙin samu, kada kuma ya manta da mata. Ya tambayi kuɗin mota da nisan gida, domin tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, makara ba lalle ta zama alamar lalaci ba. Daga ƙarshe ya mayar wa waɗanda ya tambaya sakamakon, kada kundin ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura.

Mu tuna, gobe mu ne za mu zauna a waɗannan kujeru, kuma da irin rahotannin da muke rubutawa yau za a auna mu. Allah Ya sa mu riƙe amanar waɗanda suka buɗe mana cikinsu, amin.