WA YA KOYA WA DIREBANMU TUƘI?

Jama'a, 'yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa masu kwana a kan hanya, yau za mu yi magana a kan wata annoba da ta ke cinye mu, amma mun saba da ita har mun daina jin zafinta. Watau mutuwar mota.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce a shekarar 2024 kaɗai mutum fiye da 5,000 suka rasa rayukansu a kan hanyoyin Nijeriya. Wannan kuwa lissafin waɗanda labarinsu ya kai ofis ne. Wanda aka kwashe daga bakin kwalta aka yi masa sutura kafin la'asar, ba kullum ya ke shiga littafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, cikin rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana kashe wajen mutum 1,190,000 a duniya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a gaba, alhali ita ta fi ƙarancin motoci. Motoci kaɗan, gawa da yawa. Ashe akwai magana.

To, su wa ke mutuwa? Mai hali ya kan hau jirgin sama a Kano, kafin shayinsa ya huce ya sauka Abuja. Waɗanda a ke dannawa huɗu a kujerar mutum uku, biyu a gaba kusa da direba, mu ne. Masu zama a kan buhunan hatsi daga Dawanau, da masu hawa saman tirelar shanu ran Alhamis daga Maigatari ko ran Juma'a daga Wudil, mu ne. In mai gida ya tafi cin kasuwa bai dawo ba, jari ya tafi tare da shi, ga marayu, ga bashin mutane, babu fansho, babu diyya.

In abin ya faru sai a ce ƙaddara ce, a yi ta'aziyya a watse. Ba mu ja da ƙaddara ba. Amma fa wanda ya san birkinsa ba ya ci, ya ga tayarsa ta suɗe kamar tafin hannu, ya kuma yi lodin mutum 18 ya kama hanya, kada ya laɓe a bayan ƙaddara. Wannan sunansa ganganci.

Bari mu duba yadda a ke zama direba a ƙasar nan. Yaro ya kan fara da wankin mota a tasha. Daga nan ya zama karen mota, yana ɗaure kaya, yana sa waigi. Wata rana mai gidansa ya ba shi sitiyari ya ce ya juya motar, wata rana ya ce ya kai ta gidan mai. Bayan shekara biyu ko uku sai a ce hannunsa ya faɗa. Lalle ya iya sa giya, ya iya ribas, har ya san ciwon inji da kunne, ba mu raina wannan ba. Amma wa ya zauna da shi ya nuna masa ma'anar alamun hanya? Wa ya gaya masa dalilin da ya sa ba a wuce mota a kan kwana ko a hawan tudu? Abin da mai gidansa bai sani ba, shi ma ba zai sani ba, haka kuskure ya ke bin hannu kamar gado.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ƙa'ida ita ce mai neman lasin ya cika shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda hukuma ta yarda da ita, jami'an duba motoci su gwada shi, sa'an nan a ba shi. Haka ya ke a takarda. A tasha kuwa kowa ya san akwai dillalai waɗanda za ka miƙa wa kuɗi da hoto, ka zo ka karɓi lasin ba wanda ya ga yadda ka ke riƙe sitiyari. Mai sayar da lasin irin wannan ba takarda ya sayar ba, rayukan fasinja ya sayar, kuma da araha.

Ga abu uku da su ke kashe mu, waɗanda in an koya wa direba zai gane su cikin yini guda.

Na ɗaya, gudu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 kowace daƙiƙa, watau kafin ka ƙifta ido ka buɗe. In direba ya ninka gudunsa biyu, nisan da mota za ta ja kafin birki ya tsai da ita ya ninka huɗu. Shi ya sa doka ta ce bas ta haya kada ta wuce 90 ko a kan tagwayen hanya, cikin gari kuwa 50. A 2017 aka tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Ku da ke shiga mota kullum, ku ne shaida ko ta ƙayyade.

Na biyu, wayar hannu. Wannan sabon bala'i ne da direbobin da ba su san shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari wajen sau 4. Direban da ya sunkuya ya duba saƙo na daƙiƙa 5 yana gudun 100, ya yi tafiyar mita 140 ke nan ido a rufe, fiye da tsawon filin ƙwallo. Wane ne cikinmu zai yarda a ɗaure wa direba ido da ƙyalle ko da na taku goma? Amma ga shi muna zaune muna kallo yana cinikin lodin gobe da hannu ɗaya.

Na uku, barci. Ran 31 ga Mayu 2025 bas ɗin da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Abeokuta ta faɗa ƙarƙashin gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu samari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce mai yiwuwa gajiyar doguwar tafiyar dare ce da gudu suka jawo. Barci ɓarawo ne, goro ba ya tsare shi, shayi ba ya tsare shi, ƙwaya kuwa sai dai ta buɗe ido ta rufe hankali.

Kada wani ya ce mun tasa direbobi a gaba. Direba ɗan'uwanmu ne, talaka ne kamarmu, shi ne ma ya kan fara mutuwa. Mai mota yana jiran balas da yamma, ga kuɗin tasha, ga na masu tare hanya, ga mai ya yi tsada, ga ramuka. Wanda aka ɗora wa wannan kaya dole ya yi sauri ya ƙara sawu. Laifin ya fi yawa a wuyan mahukunta, masu karɓar kuɗin lasin da tara, amma ba su koyar ba.

Kada kuma a ce mana mutanenmu ba su koyuwa. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu da Ingila ta bar mana, ta koma hannun dama kamar Nijar da Chadi da Kamaru. Kafin ranar an yi ta shela a rediyo da jaridu har ta ratsa ƙauyuka, mai gingimari da mai keke duk suka juya rana ɗaya. Gwamnatin da ta so a ji, an ji. Me ya hana yanzu?

Saboda haka ga abin da mu ke nema. A kai makarantar tuƙi cikin tasha, a koyar da Hausa, da baki da hoto, kyauta ko da kuɗin da karen mota zai iya biya. A gwada kowa a kan hanya kafin a ba shi lasin, wanda bai yi boko ba a yi masa tambayoyi da baki. Ma'aikacin da aka kama yana sayar da lasin a kai shi gaban alƙali, ba a sauya masa wurin aiki kawai ba. Ƙungiyar direbobi, tun da tana karɓar kuɗi a kan kowace mota, ta hana motar doguwar tafiya tashi sai da direba biyu.

Mu ma fasinja da namu. Sau nawa mu ke zuga direba, wai kasuwa za ta watse, in ya bi a hankali mu ce ragon direba ne? Sau nawa wani ya ce a rage gudu, muka yi masa dariya muka ce tsoron mutuwa ya ke? Daga yau in direba ya ɗauki waya, ku ce ya faka ya gama. In kun ga yana gyangyaɗi, ku ce ya tsaya ya runtsa. Ku yi magana baki ɗaya, gama murya ɗaya a kan raina ta, goma kuwa ba a rainawa. Kuɗinku kuka biya, ba alfarma aka yi muku ba. Wanda ya rasa kasuwar yau zai ci ta mako mai zuwa, in da rai.

Duk wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na kusa da shi a rumfa, a kuma kai wa direbobi a tasha. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.