Gudun Neman Kaki: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk lokacin da aka ji sanarwar ɗaukar sababbin kuratan soja, ko 'yan sanda, ko jami'an shige da fice, akwai wani abu da kan biyo baya a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi wanda ba kasafai ake tattauna shi a shafukan jaridu ba. Sai ka ga samarin da rabonsu da gudu tun suna firamare sun cika filayen makarantu da bakin titi, suna sheƙa gudu ba ji ba gani, wasu da tsakar rana, wasu ma har da ɗaura leda a ciki da sanya rigar sanyi, wai don gumi ya fita jiki ya yi sauƙi. Kwana goma ko mako biyu suka rage a kira su tantancewa a Gusau, su kuwa so suke su tara a cikin waɗannan 'yan kwanaki abin da jikin ɗan Adam ke buƙatar watanni kafin ya gina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne ɗan ƙanwata. Yaro ne ƙaƙƙarfa, manomi ɗan manomi, wanda zai yini yana huɗa bai ce wash ba. Ya yi irin wannan shiri na gaggawa, ranar gwaji ya fita a sahun gaba kamar an harba kibiya, kafin a kai rabin tafiya ya yanke jiki ya faɗi. Allah Ya yi da sauran kwana a gaba, amma sai da ya yi kwanaki a gadon asibiti yana fitsari mai launin ruwan shayi, likita ya ce naman jikinsa ne ya farfashe har ya nemi taɓa ƙoda. Ba kowa ke tsira haka ba. Masu bin labarai za su tuna cewa a watan Yulin 2008, lokacin gwajin ɗaukar ma'aikatan hukumar shige da fice, jaridu sun ruwaito mutuwar masu neman aiki a jihohi da dama, wasunsu a wajen gudu suka faɗi.

Kuskuren farko, wanda har 'yan boko irinmu kan faɗa cikinsa, shi ne zaton cewa ɗan karkara ba ya buƙatar horo tunda a cikin wahala ya tashi. Gaskiya ne wanda ya saba taka sayyada daga ƙauyensu zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis yana da jimiri, amma ƙarfin noma daban, ƙarfin gudu daban. Gudun dogon zango aiki ne na zuciya da huhu da jijiyoyin ƙafa, kuma ba tare suke ƙarfafa ba. Zuciya da huhu kan fara sabawa cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa mai gaggawa kan ji numfashinsa ya gyaru, ya ƙara wuta, sai ƙwauri ko gwiwa su ce ba su san zancen ba.

Akan kawo mana misalin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa, a ce ai ka ga baiwa ce kawai. Abin da ba a faɗa shi ne, Bikila soja ne a rundunar tsaron fadar Sarki Haile Selassie, kuma yana da mai horar da shi ɗan ƙasar Suwidin. Haka Eliud Kipchoge na Kenya, da ya gama kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, bai kai ga haka ba sai bayan shekaru masu yawa na horo. Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, binciken da masana irin su Stephen Seiler suka yi a kan manyan 'yan gudu ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na horonsu a hankali suke yin sa, ragowar kaɗan ɗin ne kawai suke matsa wa kansu. Idan gwanaye na duniya haka suke yi, ina dalilin da yaronmu zai riƙa fita kullum yana gudu kamar kura ta biyo shi?

A tawa fahimtar, wanda ke da niyyar shiga aikin ɗamara ya fara shiri tun wata uku kafin lokaci, ba sai ya ji sanarwa ba. Ya fara da sassarfa ta minti biyu, ya yi tafiya ta minti biyu, ya maimaita har tsawon minti ashirin ko talatin, sau uku ko huɗu a mako. Ma'aunin da ba ya buƙatar agogo mai tsada shi ne hira: idan kana gudu kana iya magana da abokin gudunka jimla ta fita cikakkiya, to saurinka daidai ne, idan kuwa kalma ɗaya ma sai da haki take fita, ka wuce gona da iri. Kowane mako a ƙara kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da aka yi a makon baya. Sai bayan wata guda ne za a ware rana ɗaya a mako domin gwada sauri.

Batun raba ƙarfi kuwa, nan ne akasarin yaranmu ke faɗuwa, alhali lissafi ne mai sauƙi. Gudun da aka fi sani a gwajin soja kilomita 3.2 ne, wato zagaye takwas ke nan a fili mai mita 400. Alal misali, wanda ke son gamawa cikin minti 16, kowane zagaye minti biyu zai ci. Idan zumuɗi ya ɗebe shi ya yi zagayen farko cikin minti ɗaya da daƙiƙa ashirin don kada a bar shi a baya, ya ci bashin da zai biya da riba a zagaye na biyar, lokacin da ƙafafu za su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Wanda ya san saurinsa yakan bar masu rawar kai su wuce, ya zo ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba a ranar gwaji ake koyon sa ba, sai an maimaita shi a fili har jiki ya haddace.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabar mai gudu a wannan yanki namu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma mai gudu na iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. A gasar duniya ta birnin Doha a 2019, duk da cewa da tsakar dare aka fara gudun fanfalaki na mata, 28 daga cikin 68 da suka fita ba su iya gamawa ba saboda zafi. Ƙwararru ke nan, masu likitoci a gefe. Ɗaura leda a ciki ba ya narkar da kitse, ruwan jiki kawai yake kwashewa, ya kuma hana jiki hucewa. A yi gudu bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya. A sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, ba a ɗura shi don tsoro ba, domin shan da ya wuce kima shi ma yana rage gishirin jini har ya illata mutum. Wanda ya faɗi yana sambatu jikinsa ya yi zau, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa a yi masa fifita nan take, a ci gaba da hakan har a isa asibiti. Ba aljanu ne suka buge shi ba.

Akwai abubuwa biyu da nake ganin wajibi ne iyaye su sa baki a kansu. Na ɗaya, ƙwaya. Tiramol da sauran magungunan kashe ciwo da ake haɗiya kafin gudu ba sa ƙara ƙarfi, toshe kunnen mutum kawai suke yi daga jin kukan jikinsa, wasunsu kuma idan suka haɗu da ƙarancin ruwa ƙoda suke ci. Na biyu, gwajin jini. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Nijeriya huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da yana ciwon ba, kuma tun 1987 wani bincike a kan kuratan sojan Amurka ya nuna cewa masu ita sun fi shiga haɗarin mutuwar fuju'a a lokacin horo mai tsanani. Wannan bai hana su gudu ba, sai dai ya wajabta musu bi a sannu da kiyaye zafi. Haka kuma wanda zazzaɓin cizon sauro bai gama sakinsa ba, ya haƙura da fili har ya warware.

Hutu shi ma horo ne, domin a lokacin barci jiki ke gyara abin da gudu ya ɓata. Kada a jera kwana biyu ana gudu mai tsanani, kuma makon ƙarshe kafin gwaji na rage aiki ne, ba na ƙarawa ba. Abinci kuwa ba sai an sayo na gwangwani ba: fura da nono, da wake, da ƙosai da kunu sun wadatar.

Na san za a ce da ni, mutanen da ke fama da 'yan bindiga ina suka ga ta gudun motsa jiki? Tambaya ce mai nauyi, ban kuma raina ta ba. A garin da aka saba gudun ceton rai, saurayin da ya fito da asuba yana sheƙa gudu na iya tayar da unguwa guda, ko ma a ɗauke shi a matsayin wanda ba shi ba. Hanyoyin bayan gari da bakin Gulbin Gagare da a da za su yi daɗin gudu, ba kowane uba ne zai bar ɗansa ya nufe su da duku-duku ba. Amma wannan hujja ce ta samar wa yaran wuri, ba ta ƙyale su ba. Daga cikinsu ne fa za a ɗauki waɗanda muke kuka muna neman a turo su tsare mu.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin fenti da ake yi wa ofis ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da manyan makarantun sakandare na Shinkafi da Zurmi su buɗe filayensu a wasu sa'o'i sanannu, a auna mita 400 a ja layi da farar ƙasa. Kowace ƙaramar hukuma ta ware malamin motsa jiki ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya da randar ruwa, a sanar da masu unguwanni da jami'an tsaro lokacin fita, a kuma keɓe wa 'yan mata masu neman irin wannan aiki nasu lokacin. Su kuma hukumomin da ke ɗaukar ma'aikata, su fara gudun gwaji da sassafe, maimakon a shanya yara a layi tun safe ba ci ba sha, sai rana ta take sannan a busa musu usur.