Man mota daga rana da ruwa: ina maganar ta kwana?

'Yan'uwa, tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, kowace tafiya ta zama abin lissafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Zuwa babban taro, kai mara lafiya asibiti, ɗauko amfanin gona, duka sai an zauna an ƙirga. Shi ya sa duk lokacin da aka ce ga motar da ke tafiya da ruwa da hasken rana, kunnuwanmu sukan tashi. Rana dai muna da ita har ta yi yawa. Bari mu duba abin da ke cikin wannan zance.

Ruwa haɗin abu biyu ne, iskar haidurojin da iskar oksijin. Idan aka tura lantarki cikin tsarkakakken ruwa, sai ya rabu, a tara haidurojin a tukunya. In lantarkin daga farantan sola ya fito, ba a ƙona komai ba ke nan. A cikin motar kuma akwai na'urar da ke sake haɗa haidurojin da oksijin, ta ba da lantarkin da zai juya tayoyi. Abin da ke fita ta salansa tururin ruwa ne kawai. Mu lura a nan: ruwan da kansa ba makamashi ba ne, sai an kashe lantarki a raba shi. Saboda haka wanda ya zo yana tallan ƙaramar na'ura, wai a zuba ruwa a daina sayen fetur, mu riƙe kuɗinmu.

Abin na gaske ne, kuma ana yinsa. A watan Maris na 2020 Japan ta buɗe wata masana'anta a garin Namie na yankin Fukushima, inda farantan sola masu ƙarfin megawat 20 ke ciyar da na'urar raba ruwa. Kamfanin Toyota ya fara sayar da motarsa Mirai tun ƙarshen 2014. A nan Afirka, kamfanin Anglo American ya nuna wata ƙatuwar motar ɗaukar duwatsu mai aiki da haidurojin a ma'adinin Mogalakwena na Afirka ta Kudu a 2022. A Walvis Bay ta ƙasar Namibiya kuma an gina gidan mai na haidurojin da gonar sola a gefensa.

To me ya hana abin yaɗuwa? Lissafi ne. Kafin a samu kilo ɗaya na haidurojin, sai an kashe wajen yunit 50 na lantarki, irin yunit ɗin da muke saya a mita, da aƙalla lita 9 na tataccen ruwa. Kilo ɗayan nan zai kai ƙaramar mota kusan kilomita 100, wato Kaduna zuwa Zariya da ɗan ƙari. Amma motar da ke aiki da batir takan yi wannan tafiyar da yunit 15 zuwa 20. Ma'ana, hasken ranar da zai kai motar haidurojin Zariya sau ɗaya, zai kai motar batir kusan sau uku. Lantarkin yana zubewa a hanya: wani wajen raba ruwan, wani wajen matse iskar a tukunya da matsin da ya ninka na sararin da muke ciki sau 700, wani kuma wajen mayar da ita lantarki. Kamar mai ɗebo ruwa da tulu mai yoyo ne, in ya isa gida da sulusi ya yi ƙoƙari.

Masu kuɗin ma sun ji a jikinsu. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka fi sayar da irin waɗannan motoci a ƙasar, kilo ɗaya ya kai dala 36 a wasu gidajen mai, kuma a watan Fabrairu na 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajensa da ke sayar wa ƙananan motoci haidurojin a can. Wanda ya sayi motar sai ya dinga neman inda zai cika tanki. In haka ta faru a Kalifoniya, ba sai mun faɗi yadda za ta kaya a hanyar Jos zuwa Yola ba.

Akwai kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Duniya tana samar da haidurojin sama da tan miliyan 90 a shekara, amma kusan duka daga iskar gas da kwal ake fitar da shi. Wanda ake yi da rana ko iska bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Don haka motar da ba ta hayaƙi a kan titi, sau da yawa an riga an yi hayaƙinta a masana'anta.

A ganinmu, ga Keke Napep da babur da ƙaramar mota, hanyar da ta fi kusa da mu ita ce sola ta caja batir kai tsaye. Haidurojin ya fi dacewa da inda batir ya gaza saboda nauyi da nisa, kamar jiragen ruwa da wasu manyan motocin dakon kaya, kuma can ɗin ma har yanzu ana gardama. Babban aikin da Saudiyya ke ginawa a Neom, na sama da dala biliyan 8, zai mayar da haidurojin ɗinsa sinadarin amoniya ne don a iya loda shi a jirgi a fitar waje.

Wannan amoniya kuwa ita ce ta fi shafar manomanmu, domin da ita ake yin takin yuriya. Masana'antun taki na Dangote a Legas da na Indorama a Eleme daga iskar gas suke samun haidurojinsu. In har wata rana haidurojin na hasken rana ya yi araha, muna ganin a buhun taki za mu fara jin labarinsa, tun kafin mu gan shi a tashar mota.