A Bakin Ƙofar Jardan Ake Fara Koya Wa Yaro Wariya

Duk wanda ya zaga Yamai, Maraɗi ko Damagaram a ƴan shekarun nan ya ga yadda gidajen renon yara, waɗanda muke kira jardan, suke tsirowa unguwa-unguwa kamar ciyawar damina. Katanga ta sha fenti, an zana giwa da raƙumin dawa, allo a bakin ƙofa yana alkawarin Faransanci da Ingilishi da tarbiyya. Ba ni da ja da wannan. Uwa za ta tafi aiki ko kasuwa, dole a samu inda za a ajiye yaro. Abin da nake ja da shi shi ne wanda ake buɗe wa wannan ƙofa, da wanda ake rufe wa, da kuma irin riƙon da ake yi wa wanda aka karɓa ba da son rai ba.

Yaro ɗan shekara uku bai san wane bawa ba ne, bai san wane baƙauye ba ne, bai san ana gudun mai farfaɗiya ba. Koya masa ake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma jardan ce wuri na farko da yaro yake cuɗanya da waɗanda ba ƴan gidansu ba. Abin da ya ga madam tana yi a nan, shi zai ɗauka a matsayin daidai har ya girma.

Mu fara da yaro mai naƙasa. Mai jardan ba ta fitowa fili ta ce ba ta karɓar naƙasassu. Takan ce wuri ya cika, ko ta ce ba su da kayan kula da irinsa, ko ta yi ƙasa da murya ta ce sauran iyaye za su kwashe ƴaƴansu. To, waɗanne kaya ne haka? Yaron da ƙafarsa ta shanye, gangaren siminti yake buƙata a madadin matakala, da makewayin da zai iya shiga. Kuɗin fentin da aka zana giwa da shi zai yi wannan aiki. Zabiya hula yake buƙata da riga mai dogon hannu da inuwa, sannan a zaunar da shi kusa da allo domin idonsa ba ya hangen nesa sosai. Farfaɗiya kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ba a ɗaukar ta ta taɓa jiki. In ta tashi, a kawar da abin da zai ji wa yaro ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki, in ta daɗe a garzaya asibiti. Wannan ilimi ba ya cin wuni guda. Macen da ba za ta iya koyonsa ba, bai kamata a damƙa mata ko da yara masu cikakkiyar lafiya ba.

Na yarda akwai yaran da suke buƙatar ƙwararre, kamar kurman da zai koyi maganar hannu. Amma ƙwararrun kaɗan ne, kuma makarantunsu a manyan birane suke. Sauran yaran fa, a kulle su a ɗaki ana kiransu ƴan ruwa har lokacin da za a tura su bara? Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, ta amince da ta haƙƙin naƙasassu a 2008. Sa hannu a takarda ba ya ɗaga yaro ya haye matakala.

Sai batun harshe, kuma nan ne mu Hausawa ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi tun da wuri. Iyayenmu da yayyenmu sun san simbol, wato ƙashi ko guntun iccen da ake rataya wa ɗan lakkwal a wuya in ya kuskura ya yi harshen gidansu maimakon Faransanci. Yaro ya wuni yana farautar abokinsa domin ya sauke masa wannan abin kunya. An sha gwagwarmaya kafin a fara gwada koyarwa cikin harsunanmu, abin da aka soma a Damagaram a 1973. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci, Tubanci, Gurmanci, Larabci, Buduma da Tasawak. A watan Maris na 2025 sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Mun yi murna, kuma da hujjarmu.

Sai dai wanda aka taɓa rataya wa simbol ya fi kowa sanin nauyinsa, don haka bai dace ya rataya wa wani ba. Ɗan Bafulatani ko ɗan Batube ya zo jardan a Damagaram, ƙishirwa ta kama shi, ya nemi ruwa da harshen da uwarsa ta koya masa, aji ya fashe da dariya, madam ma ta taya su. Gobe ba zai sake neman ruwa ba. Jibi zai yi fitsari a wando saboda tsoron buɗe baki, a ce masa daƙiƙi. Mai reno ba sai ta iya harsuna goma ba. Amma ta iya cewa ruwa, abinci, zo nan, sannu, kada ka ji tsoro, cikin harshen kowane yaro da yake hannunta. Ta tambayi uwarsa ranar rajista ta rubuta a takarda. Ta kira shi da sunan da aka raɗa masa, ba ɗan Fulani ko Buzu ba.

Za a ce mini ai wasa ne, mu ƙasar wasan taubasantaka ce. Gaskiya ne, har UNESCO ta sanya wannan al'ada tamu cikin gadon duniya a 2014, kuma ta kashe wutar faɗa da yawa tsakanin Barebari da Fulani da sauran ƙabilu. Amma wasan yana da sharaɗi: manya biyu ne, kowa yana da bakin ramawa, kowa ya san inda iyaka take. Babbar mace ta tsaya kan ɗan shekara huɗu tana zolayar ƙabilarsa a gaban yara talatin, wa zai rama masa?

Na ukun shi ne wanda ba ma son a ambata, wato asali. Nijar ta mayar da bauta laifin da doka ke hukuntawa a 2003. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukuncin cewa ƙasa ta gaza kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara goma sha biyu. Ƙungiyar Timidria ta shafe shekaru tana wannan yaƙi. Duk da haka har yau akwai uwar da takan ja kunnen mai reno, kada ɗanta ya ci kwano ɗaya da ɗan wane, domin su bayi ne, ko maƙera, ko mahauta. Mai reno kuma takan bi, saboda wadda ta yi maganar ita ce mai biyan kuɗin wata a kan kari. Nan take an raba tabarma biyu, kuma yaran duka sun gane darasin ba tare da an rubuta shi a allo ba.

Masu cewa wannan magana ta daidaito kayan Turawa ce da ƙungiyoyin agaji suka shigo da ita, ina tambayarsu: Abdullahi ɗan Ummu Maktum Bature ne? Makaho ne, ya yi ladanci a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sha bar masa riƙon Madina, kuma a kansa aka saukar da farkon suratu Abasa. Bilal fa, daga ƙangin bauta ya fito. Su ma kakanninmu da suka ce ɗa na kowa ne, ba su ƙara da cewa ban da gurgu ko ɗan maƙeri ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Hukumar da take ba da izinin buɗe jardan ta duba ƙofa da makewayi kafin ta buga hatimi, kuma duk yaron da aka ƙi karɓa a rubuta wa iyayensa dalili a takarda. Makarantun horar da malamai su sa kula da mai farfaɗiya da zabiya da kurma cikin abin da ake jarrabawa a kai. Masu jardan su ɗauki ma'aikata daga harsunan da suke unguwar, su kuma bar uwar da ta ce sai an raba kwano ta tafi da ɗanta da kuɗinta.

Ku kuma iyaye ƴan uwana, ku ne kuke riƙe da linzamin, tunda tsoronku ake kafa hujja da shi. Ranar da kuka je rajista kukan tambayi kuɗin wata, da ko akwai Ingilishi, da ƙarfe nawa ake tashi. Ku ƙara tambaya ɗaya: wane irin yaro ne ba ku karɓa a nan? In aka lissafa muku, ku sani cewa lafiya aron Allah ce. Zazzaɓi guda ko haɗarin babur guda ya isa ya mayar da ɗanku cikin waɗanda aka lissafa.