Mai Sake Jarrabawar Kemistiri Ya Dubi Manhaja Tukuna

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, sai ka ga gidaje sun kasu biyu, waɗansu ana guɗa, waɗansu an yi jugum. Cikin masu jugum ɗin nan akwai waɗanda mu ke so mu yi magana a kansu yau, watau mutanen da suka ci Turanci, suka ci Lissafi, suka ci sauran fannoni, amma Kemistiri kaɗai ya ka da su. Ba kuwa yara kaɗai ba ne. Akwai akawun da ya shekara goma bisa tebur yana son komawa karatu, akwai malamin firamare mai burin zama malamin kimiyya, akwai matar aure da ta yaye 'ya'yanta ta ke son shiga makarantar koyon aikin jinya. Dukansu ƙofa ɗaya ce ta tsare su.

Ga yadda ƙofar ta ke. Darajojin jarrabawar nan tara ne, daga A1 har zuwa F9, amma wanda bai kai C6 ba bai sami kiredit ba. Mai D7 ko E8 ana ce da shi ya haye, amma hayewar ba ta kai shi inda ya nufa. Duk mai neman karatun likita, ko haɗa magunguna, ko jinya da unguwarzoma, ko aikin injiniya, ko aikin gona a jami'a, lalle a tambaye shi kiredit a Kemistiri. Makarantun jinya su kan karɓi kiredit biyar da aka tara a zama biyu. Amma da yawa daga cikin jami'o'i, in karatun likita ne, sai sun ga biyar ɗin a zama ɗaya. Saboda haka kafin mutum ya biya kuɗin rajista, ya fara tambayar makarantar da ya ke nufi, don ya san ko Kemistiri kaɗai zai sake, ko kuwa duka biyar ɗin ne. Matambayi ba ya ɓata.

Mu dai a ganinmu babu abin kunya ga sake jarrabawa. Gemu ba ya hana ilmi. Akawunan En'e na da, tun kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, da yawansu ta hanyar gidan waya suka yi karatu. Su kan aika da amsoshinsu Ingila, ga makarantu irin su Wolsey Hall ta Okisfod, su jira makonni kafin a komo musu da gyara, ga aikin ofis da rana, ga fitilar ƙwai da dare. Mutumin yau ya fi su samun sauƙi nesa ba kusa ba. Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, tun 2018 ta ke shirya wa masu zaman kansu jarrabawa sau biyu a shekara, ɗaya a farkonta, ɗaya a wajen ƙarshenta. Hukumar NECO kuma, wadda aka kafa a 1999 da hedkwatarta a Minna, tana da tata jarrabawar ta masu zaman kansu. Hanya kam a buɗe ta ke.

To, amma akwai rami a hanyar, kuma don shi muka ɗauki alƙalami. Yawancin masu sake jarrabawa, abin da su kan yi shi ne su buɗe akwati, su karkaɗe tsofaffin littattafan rubutunsu, su shiga hadda. Sun manta cewa manhajar da aka koya musu da ita ba lalle ne ita ce za a tambaye su da ita ba. Wanda ya yi makaranta kafin 1988, lokacin da aka fara jarrabawar babbar sakandare ta tsarin 6-3-3-4, da wata manhaja ya yi karatu. An shigo da wata a 2011, aka fara jarraba yara da ita a 2014. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sabon tsari, ta rage fannonin da ɗalibin babbar sakandare zai ɗauka zuwa 8 ko 9. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Wani zai ce, to, mene ne na sake manhajar Kemistiri? Gishiri dai gishiri ne, kanwa kuwa kanwa ce, tun zamanin kakanninmu ba su sauya ɗanɗano ba. Wannan gaskiya ne. Amma sanin da mutane suka yi musu yana ƙaruwa, sunayen da a ke kiransu da ma'aunin da a ke auna su kuwa suna sauyawa. Sa'ad da Mendeleyef, masanin ƙasar Rasha, ya tsara jadawalin asalin sinadarai a 1869, guda 63 aka sani. Yau 118 ne, huɗun ƙarshe kuwa a 2016 aka raɗa musu suna. A 1961 masana suka bar auna nauyin ƙwayoyin zarra da iskar oksijin, suka koma ga kabon mai lamba 12. A 1971 aka shigar da ma'aunin nan da a ke kira mol cikin manyan ma'aunai na duniya, a 2019 kuma aka sake tsai da ma'anarsa bisa ƙayyadadden adadi. Wanda ya saba lissafin ƙarfin ruwan sinadari da tsohon ma'auni, ya buɗe takarda ya ga mol ko'ina, ai kamar wanda ya shiga kasuwa ne da fam da sule bayan Naira ta fito a 1973.

Maganar suna ma ta fi ruɗa tsohon ɗalibi. Ƙungiyar masana Kemistiri ta duniya, watau IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ke tsara ƙa'idar sunaye, littattafanmu kuwa da takardun jarrabawa sun daɗe da barin sunayen da. Sinadarin da ke cikin ruwan batir, wanda tsofaffin littattafai ke kira sulphuric acid, a makarantunmu tetraoxosulphate(VI) acid a ke rubuta shi. Na cikin ruwan kal, wanda a da acetic acid ne, ya koma ethanoic acid. Mutum ya iya sanin abu sarai, ya san halinsa da aikinsa, amma ya bar tambaya ba amsa don kawai an kira abokinsa da sunan da bai san shi da shi ba. Irin wannan hasara ta fi ciwo, don kuwa kwana kaɗan na karatu sun isa su hana ta.

Sai kuma yadda a ke jarrabawar kanta. Takardun Kemistiri na WAEC uku ne. Ta fari tambayoyi 50 ne na zaɓen amsa, maki 50. Ta biyu ta dogon rubutu ce, maki 100. Ta uku ta gwaji ce, maki 50. Manhajar kuma kashi-kashi ce: akwai kashin kowa da kowa, akwai na 'yan Gana kaɗai, akwai na Nijeriya da Saliyo da Laberiya da Gambiya. Wanda bai duba ba, sai ya ɓata dare yana haddace abin da ba a ɗora masa ba. Tun 2024 kuma WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa bisa kwamfuta, inda a ke amsa takardar zaɓen amsa a kan na'urar, sauran kuwa a karanta tambaya a fuskarta a rubuta amsa a takarda. Magidancin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya kamata ya saba da ita tun da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Takarda ta uku ita ce ta fi damunmu. Ɗan makaranta shiga ɗakin gwaji ya ke yi, ya riƙe kwalabe da hannunsa, ya ɗiga ruwan tsami bisa ruwan kanwa ɗigo-ɗigo har launi ya juya, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Mai zaman kansa kuwa takarda a ke ba shi a madadin gwajin. A ce masa an zuba kaza cikin kaza, me za a gani? Tilas ya faɗi launin da bai taɓa gani ba, da warin da bai taɓa shaƙa ba. Ya haddace cewa iskar da mu ke fitarwa daga huhu tana mai da ruwan farar ƙasa fari kamar madara, alhali da an ba shi kwalba da tsinken busawa, da cikin minti biyu ya gani, ba kuwa zai ƙara mantawa ba. Gani ya kori ji. Kashi ɗaya cikin huɗu na makin nan ke nan a ke nema daga mutum da ka, kuma gobe shi ne za a ba allura ko ma'aunin magani a asibiti.

Ba mu ƙi sauyin manhaja ba, don mun nuna dalilinsa. Abin da mu ke jan hankali a kai shi ne nauyin sauyin ba ɗaya ya ke ga kowa ba. Yaron da ke aji yana da malami, malamin yana samun takardar sanarwa daga ma'aikata. Wanda ke karatu a zaure bayan an tashi aiki ba shi da mai gaya masa, sau da yawa sai a ɗakin jarrabawa ya ke jin labari. Shi ne kuwa ya biya kuɗin rajista daga albashinsa, ko uwarsa ta sayar da akuya ta biya masa. In ya sake faɗuwa, da wuya ya sami ƙarfin zuciyar gwadawa ta uku. Nan ne ƙasa ke hasarar ma'aikatan jinya da malaman kimiyya, alhali asibitocinmu da makarantunmu na karkara su suka fi bukata.

Saboda haka ga shawararmu. Hukumomin jarrabawa, duk sa'ad da suka taɓa manhaja, su fitar da 'yar takarda mai sauƙin fahimta, ta nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara, a kuma sanar ta rediyo da harsunan da jama'a ke ji. Babbar sakandare shekara uku ce, don haka bai kamata a tambayi kowa sabon abu ba sai waɗanda aka fara koya wa shi sun kai ajin ƙarshe. Ma'aikatun ilmi na jihohi su ba shugabannin makarantu izini su riƙa buɗe ɗakunan gwaji ran Asabar ga masu zaman kansu, a karɓi ɗan abin da zai sayi sinadarai ya kuma sallami malami. Ɗaki ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ya isa a fara da shi. Shugabannin ofisoshi kuma su sassauta wa ma'aikacin da ya nuna takardar rajista, su ba shi 'yan kwanakin karatu, don amfanin iliminsa ofishin zai fara komawa.

Ku kuma malaman makaranta, maganar nan ta fi shafarku, don wurinku a ke zuwa neman taimako da maraice. Malamin da ya koyar da abin da aka daina tambaya ya cuci ɗalibinsa, ko da kyauta ya koya masa. Ku nemi manhajar da ke aiki, ku karanta rahoton manyan masu duba takardu da WAEC ke bugawa, wanda ke bayyana wuraren da ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ku shiga tarurrukan Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta ke nan tun 1957. Ku kuma kusanto da darasi ga abin da ɗalibi ya sani. Sabulun da a ke yi da toka da mai Kemistiri ne. Zanen da ke fitowa kore daga karofin Ƙofar Mata a Kano, iska ta buge shi ya koma shuɗi, Kemistiri ne. Haka takin zamani, haka simintin Sakkwato da na Ashaka.

Daga ƙarshe, kai mai niyyar sake zama, muna horonka da abu uku. Ka sami manhajar shekarar da za ka zauna kafin ka sayi kowane littafi, ka bi ta layi-layi, ka sa alama ga abin da ba ka taɓa ji ba, ka fara da shi. Ka riƙa yin lissafin mol kullum da alƙalami a hannu, don ba a koyonsa da ido. Sa'an nan ka nisanci wuraren nan da a ke yi wa mutane alkawarin kiredit ba da karatu ba. Hukuma ta kan riƙe sakamakon wurin da aka kama da maguɗi ko ta soke shi, kuɗi su tafi, shekara ta tafi. In ma ba a kama ba, jarrabawar JAMB na gaba, ajin farko na jami'a kuma na bayanta, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wanda ya ci da guminsa, ko da a zama na biyu ne, takardarsa ba ta jin tsoron tambaya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.