An Kawo Mana Wuta, Amma Firizar Umma Ta Koma Rumbu

Ina aji uku a ƙaramar sakandare aka ja wutar lantarki zuwa ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Kiru. Ba zan manta da magaribar da aka kunna ta ba. Mata suna guɗa, mu yara muna zagaye gari muna ihun "an kawo wuta!", tsofaffi suna zaune a ƙofar masallaci suna kallon ƙwan fitila kamar an sauko musu da wata. Ummata, wadda ke sayar da zoɓo da kunun aya, ta jira ɗaukar adashinta, ta haɗa da kuɗin tunkiyarta, ta sa Yayana ya je Kano ya sayo mata firiza ta hannu. Lissafinta mai sauƙi ne: za ta daina sayen ƙanƙara, ita ma ta fara sayarwa.

Ba a cika shekara ba taransifomar ta ƙone. Aka yi karo-karo gida-gida, aka gyara, ta sake ƙonewa. Yau idan ka shiga ɗakin Umma, firizar tana nan a lulluɓe da zani. Ka ɗaga murfin, wake za ka gani da gero, don ta ce ƙwari ba sa shiga. Ƙanƙara kuwa har yanzu ɗan acaɓa ke kawo mata daga Kwanar Dangora, kafin ta iso kusan rabi ya zama ruwa. Daga abin da ya rage na wannan ciniki, da gudummawar Baffana, ake haɗa mini kuɗin rajista. Shi ya sa idan na ji ana maganar wutar karkara a aji, ni ba darasi nake ji ba, maganar gidanmu ake yi.

Abin da nake son faɗa wa 'yan uwana ɗalibai shi ne, falwaya da waya ba su ne wuta ba, kuma ƙwan fitila ba ya ƙara wa magidanci ko naira ɗaya. Wuta tana zama kuɗi ne idan ta juya inji, a lokacin da ake aiki, da ƙarfin da injin ke buƙata. Matuƙar muna auna aikin wutar karkara da yawan falwayoyin da aka kafa da hotunan ranar yanka kirtani, to za mu yi ta samun ƙauyuka masu waya a sama da talauci a ƙasa.

Mu dubi yankinmu. Duk wanda ya san Tudun Wadar Dankadai ya san shinkafa: noma, turarawa, casa. Doguwa, can bayan dajin Falgore har zuwa Riruwai, ƙasar masara ce. Bebeji na da dam ɗin Tiga, ga masunta ga manoman rani. Mu a Kiru muna da dawa da masara da rake, ga Kwanar Dangora a kan titin Kano zuwa Zariya, inda mota ba ta yankewa dare da rana. Ba ragwaye ne mutanen nan ba. Matsalar ita ce kusan duk wata sana'a da ke ƙara wa amfanin gona daraja a wajenmu da mai take tafiya. Injin niƙa da gas, injin casa da gas, injin ban ruwa da fetur, mai walda da janareta, mai aski da janareta, har mai cajin waya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. A birni mutane sun ji abin a kuɗin mota. A ƙauye mun ji shi a kowace tiya da aka kai niƙa, da kowace kadada da aka yi wa ban ruwa.

Baffana yana da injin niƙa. Akwai waya ta wuce ta bayan rumfarsa, amma har gobe da gas yake aiki. Da na dawo daga zangon farko na fara ɗaukar kaina injiniya, na tambaye shi me ya hana shi komawa kan lantarki. Ya kalle ni ya ce, "Ɗan nan, matar da ta aiko da niƙan tuwon dare, zan ce mata ta jira sai an kawo wuta ƙarfe biyun dare?" Ban da amsa. Daga baya a aji na gane abin ya fi haka. Motar lantarki mai girman da zai juya injinsa tana son layi uku, mu kuwa layi ɗaya aka ja wa unguwarsu. Lokacin tashi, motar kan ja wuta ninkin abin da take ci idan ta kankama. Idan wutar ta zo ba ƙarfi, irin wadda ƙwai ke yin ja kamar aci-bal-bal, motar za ta yi zafi ta ƙone. Haka firizar Umma: tana buƙatar awanni a jere kafin ruwa ya daskare. Wutar awa ɗaya a nan, minti arba'in a can, sai dai a kalli talabijin. Kai, wani lokacin ma gwamma babu, domin mai wuta rabi da rabi yana biyan bil, yana sayen mai, yana biyan mai gyaran kayan da suka ƙone. Kashe kuɗi uku a kan buƙata ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Tiga. Tun 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala dam ɗin. Ruwansa ne ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Aikin samar da megawat 10 na lantarki daga ruwan, wanda aka fara a mulkin Kwankwaso na biyu aka ci gaba da shi a zamanin Ganduje, an tsara shi ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Ban ce kada birni ya sha ruwa ba, ni ma a birnin nake karatu, famfon nake tara wa bokiti. Amma fisabilillahi, masuncin da ke bakin dam ɗin yana sayar da kifinsa a wulaƙance da yamma don ba shi da inda zai adana shi zuwa gobe. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kada a ce son rai ne kawai na ɗan ƙauye. Masana sun auna wannan magana a wasu ƙasashen. A yammacin Kenya, Kenneth Lee da Edward Miguel da Catherine Wolfram sun bi gidajen karkara da aka sauƙaƙa wa kuɗin jona wuta. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya ba mutane da yawa mamaki: ba a ga wani canjin a zo a gani a tattalin arzikin gidajen ba. Mafi yawansu haske da cajin waya kawai suka yi da ita, ba su da jarin sayen kayan sana'a. A ɗaya ɓangaren, Taryn Dinkelman ta yi nazari a karkarar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, ta wallafa a 2011, ta ga yawan matan da ke aikin samun kuɗi ya ƙaru bayan shigar wuta. Abin da na fahimta daga biyun shi ne, wuta ƙofa ce kawai. Wanda ke da abin yi a bayan ƙofar zai amfana. Wanda ba shi da jari, ba shi da kasuwa, ƙarin bil kawai ya samu.

Na san za a ce mini, "To ai ba kuɗi ne kaɗai rayuwa ba." Gaskiya ne. Hasken da ɗalibi zai yi karatu da shi, firjin allurar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, fitilar ɗakin haihuwa da tsakar dare, babu mai hankalin da zai raina su. Amma ku lura da wani abu: garin da wuta ba ta kawo wa kuɗi, ba zai iya biyan kuɗin wuta ba. Idan ba a biya, mai rarraba wutar ba ya ganin dalilin gyara. Idan ba a gyara, hasken karatun ma ya tafi. Tun da aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, aka kuma ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, a fili yake cewa wuta za ta fi karkata inda ake samun kuɗi. 'Yan rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, 'yan rukunin ƙarshe awa 4. Ba sai an faɗa maka inda ƙauye ya faɗo ba.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Wa ke kwance wayoyi da daddare ya kai wa 'yan gwangwan? Wa ke zuƙe man taransifoma? Wa ke maƙala waya ta bayan gida ya jona hita, ya bar maƙwabci da biyan bil? Ba aljanu ba ne, 'ya'yan gari ne, wani lokacin ma an san gidajensu, ana kunyar iyayensu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To ina mafita? A ganina ba ta kan jiran babban layin ƙasa kaɗai take ba. Mun ga abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan Arewa ta shafe sama da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layuka. Mu a nan ɗakin kwanan ɗalibai har layin caji muka riƙa yi. Amma akwai ƙofofin da suka buɗe. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samarwa da rarraba wuta a cikin iyakokinsu. Hukumar wutar karkara ta ƙasa, REA, ta shige gaba aka sa sola a kasuwar Sabon Gari, aka kuma buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019. A ƙarshen 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES na ƙananan tashoshin sola da makamantansu a Najeriya. Tambayata ita ce, nawa daga cikin wannan zai iso Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma a wace siffa?

Ga wani abu da malaminmu ya nuna mana a allo wanda ya tsaya mini a rai. A tashar sola, batir na cikin abin da ya fi tsada, shi ne kuma ke fara mutuwa. Wutar da aka sha da rana kai tsaye daga faifan sola ta fi arha nesa a kan wadda aka adana don dare. Niƙa, casa, walda, ɗinki, ban ruwa, haɗa ƙanƙara, duk ayyukan rana ne. Ke nan mai injin casa a Tudun Wada ba nauyi ba ne a kan tashar, shi ne zai riƙe ta. Kuɗin da yake biya da rana shi zai sa gidan talaka ya sami hasken dare a farashi mai sauƙi. A fara da rumfar sana'a, gida zai biyo baya.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu na mazaɓun Kiru da Bebeji da na Doguwa da Tudun Wada, da shugabannin ƙananan hukumomin huɗu. Fitilun sola na kan titi suna da kyau a hoto, amma ba sa niƙa ko gwangwani ɗaya. Kafin a ba da kwangila, a zauna da masu injina da ƙungiyoyin mata a ji abin da suke ƙonawa na mai a wata. A ja layi uku zuwa kasuwanni da wuraren casa. Ko awa shida ce za a bayar, a bayar da ita da rana, a lokacin da kowa ya sani. A haɗa aikin da rancen sayen motar lantarki da firiza, a riƙa biya kaɗan-kaɗan daga rarar kuɗin man. A sa mita, kowa ya biya abin da ya sha. Bayan shekara guda kuma a koma a tambayi mata nawa ke saura a hannunsu ranar kasuwa. Wannan ne ma'aunin, ba yawan falwaya ba.

Sai mu kanmu. Kowace shekara muna yin aikin kammala karatu, mu haɗa ɗan akwati mai fitilu, a ba mu maki, ya ƙare a sito ƙura ta rufe shi. Me zai hana 'yan lantarki da 'yan kanikanci da 'yan kasuwanci su haɗu a kan matsala guda ta gaske? Wani ya auna wutar da masu casa ke buƙata, wani ya tsara yadda za a sauya wa injin gas mota, wani ya yi lissafin watannin da jarin zai dawo. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta kai wannan magana gaban shugabannin sassa. Yawancin solar da ke mutuwa a ƙauyuka ba wani babban abu ke kashe ta ba: ƙura a kan faifai, waya ta saki, batir ba kulawa, mai gyara kuma sai an ɗauko shi daga Kano. Ga mu nan ɗaruruwa za mu fita da difloma muna neman wanda zai ɗauke mu aiki, aikin kuwa yana can garuruwanmu yana jira.

A hutun da ya wuce na zauna na yi lissafin faifan sola da na'urar da za su tayar da firizar Umma da rana kawai, ba tare da batir ba. Kuɗin ya fi ƙarfina a yanzu, amma bai kai yadda na zata ba. Da na nuna mata takardar, ta yi dariya ta ce, "To injiniya, ka fara nemo mini inda zan zuba waken." Na ce mata in Allah ya yarda kafin azumin baɗi za ta sayar da ƙanƙararta. Ku taya ni da addu'a kada in ji kunya.