Ladan Mai Tausa: Wanda Ya Tsare Lokacin Mutum Ya Biya Shi

Ga wata mas'ala wadda ya kamata mu auna ta da ma'aunin shari'a.

A manyan birane yanzu akwai gidajen tausa, waɗansu cikin masaukan baƙi, waɗansu a wuraren motsa jiki. Mai gida yakan ɗauki masu tausa, ya ce musu babu albashi, sai dai kowane mutum guda da suka tausa a yanka musu wani abu daga kuɗin da ya biya. Tare da haka kuma ya gindaya musu sharuɗɗa: su zo da safe, kada su tashi sai dare, kada su yi wa kowa aiki a waje, farashi kuwa shi ke yankewa. Ran da aka yi ciniki su sami na tuwo, ran da ba kowa su koma gida hannu rabbana, alhali sun wuni a tsare.

Ita sana'ar halal ce muddin an kiyaye al'aura, namiji ya tausa namiji, mace ta tausa mace. Karɓar lada a kan aikin jiki kuwa ya tabbata, domin Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, ya kuwa biya mai ƙahon. Abin dubawa shi ne yadda ake biyan.

Ku sani, malaman fiƙihu a babin ijara sun kasa ɗan ƙodago kashi biyu. Akwai na kowa da kowa, kamar wanzami mai yawo da zabirarsa: shi aikinsa ake saye, in ya yi ya karɓa, in bai yi ba babu, domin lokacinsa yana hannunsa. Akwai kuma keɓantacce, wanda mutum guda ya ɗauke shi zuwa wani ajali: shi ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba, domin lokacinsa aka saya. 'Yan kasuwa sun san wannan sarai. Dillali la'ada yake ci, yana kuma zuwa inda ya so. Yaron kanti kuwa, ko ba a yi cinikin kwabo ba, haƙƙinsa yana wuyan ubangidansa.

To, mai gidan tausa ya haɗa biyun ya zaɓi na daɗi. Wajen umarni ya mai da ma'aikaci yaron kanti, wajen biya ya mai da shi dillali. Riba tasa, hasarar ranar da kasuwa ta mutu kuwa ta ma'aikaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Dokar Nijeriya ba ta toshe wannan kafa ba. A 2019 an yanka mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a wata, a 2024 aka ɗaga shi zuwa 70,000, amma dokar ta fitar da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon yawan abin da suka yi, ta kuma fitar da wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ƙaramin gidan tausa ya sami ƙofa biyu ke nan. Irin wannan gardama ta kai gaban alƙalai a Ingila, a shari'ar direbobin Uber. A 2021 kotun ƙolinsu ta hukunta cewa ma'aikata ne, kuma zaman jiran fasinja yana cikin lokacin aiki. Abin da suka gano jiya, yana cikin littattafanmu tun da daɗewa.

Saboda haka mai gida ya zaɓi ɗaya. Ko dai ya saki mai tausa ya zo sa'ad da ya so, ya yi aiki inda ya so, a biya shi bisa kai. Ko kuwa ya tsare shi, ya yanka masa lada sananne na yini ko na wata wanda ba ya faɗuwa, na bisa kai ya zama ƙari. Kowanne aka zaɓa, a rubuta, a kafa shaidu.

Wanda ya ce doka ba ta kama shi ba, ya tuna akwai wata kotu gaba. Ya zo cikin Buhari cewa wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya ci aikinsa ya hana shi lada, Allah ne da kansa abokin husumarsa ran gobe ƙiyama. Allah ya tsare mu da cin gumin wani, amin.